Adakar Kakanmu: Yadda Ake Gyaran Tsohon Akwatin Katako

(Jawabin da wani dattijo daga cikinmu, tsohon malamin koyar da aikin kafinta, ya gabatar a zaman ƙungiya na wata-wata a Fadikpe, Minna.)

 

 

Ran da sakatare ya same ni a gida ya ce ni zan yi magana a wannan zama, sai na ce masa ni fa ba malamin addini ba ne, ba kuma ɗan siyasa ba, iyakar abin da na sani shi ne katako. Ya ce to, a yi maganar katakon. Saboda haka yau maganar tsohuwar adaka za mu yi, irin wadda ke jibge a ƙarƙashin gadon tsohuwa, ko a lungun zaure an ɗora mata tarkace. Zan fara da laifin da ni kaina na yi, don kada wani ya maimaita shi.

Akwai wata adaka a gidanmu. Ta kakana ce, mahaifin babana, mutumin ƙasar Kano wanda ya biyo hanyar jirgi ya sauka a garin nan yana saurayi, ya kama cinikin goro a bakin tasha. Tsawonta bai wuce kamu biyu ba, amma in tana cike sai ƙarti biyu ke ɗaga ta. Shekarar da na gama makarantar koyon sana'a, kaina na rawa, ina ganin ba wanda ya kai ni sanin katako, sai na jawo ta tsakar gida. Na gan ta baƙi ƙirin, murfin duk ƙarzune. Na ɗauko abin fere katako na fere murfin nan har jan itacen ya fito, na bi da samfefa, na ɓamɓare tsofaffin hinji na maƙeri na yar, na sa na kanti, na shafe ta da banish. Tana ta ƙyalli ina ta jin daɗi.

Sai ga gwaggona ta dawo daga unguwa. Ta tsaya, ta yi salati, ta ce, "Kai yaron nan, ina rubutun Baba?" Ashe abin da na ɗauka ƙarzunan tafiya ne, wanda datti ya rufe har ya dushe, rubutun ajami ne da aka yi da ƙarfe mai zafi. Sunansa ne, da na mahaifinsa, da na kakansa, da sunan ƙauyensu, don kada kayansa su shige cikin na mutane a taragon jirgi. Gwaggo ta tuna sunan ƙauyen, ta tuna sunan mahaifinsa. Sunan na ukun kuwa ta yi ta yi, ya ƙi zuwa, har Allah Ya karɓi abinsa. Yau ga ni da jikoki, in suka tambaye ni, a nan nasabarmu take tsayawa. Garin neman gira na rasa ido. Abin da ya yi saura shi ne cikin adakar, wanda gwaggo ta hana ni taɓawa, kuma zan dawo kansa.

To, me ya sa wannan ya shafe mu, mu mazauna nan, fiye da wanda ke zaune a garin kakanninsa? Mutumin da ke cikin birnin Kano ko Katsina, in yana son tarihinsa, ga gidan gado nan, ga kushewar kakanni, ga dattawan unguwa da suka san gidansu kaf. Mu kuwa iyayenmu tahowa suka yi. An fara aikin hanyar jirgi daga Baro zuwa Kano a 1907, ta isa Kano a 1911, ta Ikko kuma ta zo ta haɗu da ita a nan Minna. Wannan mahaɗa ita ta jawo leburori da 'yan koli da mahauta da malamai, suka zo suka tarar da Gbagyi masu ƙasa, suka zauna tare da su. Wasu kuma sai a 1976, da aka ƙirƙiro Jihar Neja aka mai da Minna babban birninta, suka zo aikin gwamnati ko kasuwanci. Duk wanda ya taho, ba ya iya ɗauko ɗakinsa ko gonarsa. Abin da ya iya ɗaukowa shi ne abin da ya shiga akwati. Don haka a gidaje da yawa a unguwar nan, babu wani abu da ya girmi adakar nan, har ginin gidan kansa.

Ko sunayen da muke kiran abin ma, in kun lura, 'yan tafiya ne. Akwati daga Yarbanci muka aro shi. Sanduƙi daga Larabci. Adaka kuwa, haka mutanen Asante na ƙasar Gana suke kiran akwati har gobe, kuma kowa ya san hanyar fataken goro zuwa Gwanja. Shi kansa lefe da muke kaiwa, asalinsa wani kwando ne da ake saƙawa da kaba. Kayan suka bar kwando suka koma adaka, suka bar adaka suka koma akwatin ƙarfe, yau ga su a akwati mai taya, amma sunan yana nan.

Yanzu bari mu shiga aikin. Abu na farko, kada ka yi komi. Na san abin dariya ne a ce matakin farko na gyara shi ne a naɗe hannu, amma haka ne. Ka fito da ita wuri mai haske, ka zauna ka dube ta. Ka sa yaro ya ɗauki hotonta da waya ta kowane gefe, ciki da waje da ƙasa. Sa'an nan ka nemi mafi tsufa a gidan, yawanci mace ce, ka zaunar da ita gaban adakar ka tambaye ta: ta wa ce, daga ina ta zo, wannan ƙunar ta mece ce, wa ya karya wannan kusurwa. Ka rubuta. Da na yi wannan kaɗai, da ban tsaya gabanku da wannan labari ba.

Adakar da kanta ma tana ba da labari ga wanda ya iya dubawa. Dubi ƙusoshin: na maƙeri ba su zama daidai da juna, kansu a buge yake, na kanti kuwa duk kai ɗaya. Dubi kusurwa: in ka ga an yanka katakon haƙora-haƙora suna shiga cikin juna, aikin kafinta ne wanda ya koyi sana'a sosai, kuma irin wannan haɗi ko gam ya mutu ba ya sakin jiki. In ka ga filawud a gindinta, to ko dai ba ta tsufa ainun ba, ko kuwa wani ya taɓa canja gindin. Tamu, an liƙe cikinta da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wannan jarida a Zariya aka fara buga ta a 1939, editanta kuwa Abubakar Imam, wanda a Kagara ta jihar nan aka haife shi. Kun ga ke nan liƙin bai riga 1939 ba, labaran da ke jiki kuma na zamanin Turawa ne, kafin mulkin kai na 1960. A ƙasan kayan mun sami kwabo mai huji da anini, kuɗin da aka bar kashewa tun da daɗewa, da rasiɗan haraji masu sunan kakana da unguwar da yake zaune. Wallahi rasiɗan nan sun fi mini adakar daraja. Takarda ce ta hukuma da ke cewa wane yana garin nan a shekara kaza, yana kuma biyan abin da aka ɗora masa. Mu da ake yawan tambayarmu yaushe muka zo, bai kamata mu bar irin wannan takarda ga kyankyaso ba.

Sai itacen. Yawancin tsofaffin adakokin da na gani na maɗaci ne, mai ja-ja, ko kawo mai nauyin tsiya, ko loko wanda jirgi ke kawowa daga kudu. Jefi-jefi akan ga ta madobiya. Duk wanda ke da ta madobiya ya riƙe ta da kyau, don itacen ya sha sara a ƙasar nan ana lodinsa zuwa ƙasar Sin, har a 2016 aka sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya. Faffaɗan allo guda irin wanda aka yi murfin adakar da, yau ka zaga kasuwar katako ka gani ko za ka same shi.

Abokan gabar katako a garin nan uku ne: gara, da ƙwaron nan mai huda katako yana zubo da gari, da danshi. Gara daga ƙasa take zuwa, saboda haka maganinta na farko shi ne a raba adakar da ƙasa. Ƙwaron kuwa a cikin itacen yake zaune. In ka ga ƙananan huji, kada ka firgita, mai yiwuwa ya daɗe da fita. Ka share ta, ka ɗora ta a kan farar takarda, ka bar ta mako guda. In ka ga sabon gari ya zubo, to yana ciki da ransa.

A nan ne mutanenmu suke yin ɓarna ta biyu bayan irin tawa, wato su shafe ta da baƙin mai na mota. Jama'a, baƙin mai na katakon rufin ɗaki ne da turken shinge. In ya shiga jikin adaka ba ya fita har abada, warinsa ya kama tufafi, ya ɓata takarda, ya rufe duk wani rubutu. Haka nan maganin gara na kwalba, bai dace da abin da za a sa kayan sawa a ciki ba. Akwai hanyar da masu gidajen tarihi a ƙasashe masu zafi suke bi, kuma ba ta cin ko kwabo. A kwashe komi daga ciki, a naɗe adakar da tsohon zane, a sa ta cikin babbar baƙar leda a ɗaure bakin tam, a ɗora a kan benci a rana. In zafin cikin itacen ya kai awo 55 ya daɗe sa'o'i, ƙwaron da ƙwansa duk mutuwa suke yi. Ranar watan Maris ta Minna kuwa kun san ta, ba sai na faɗa ba. Amfanin ledar shi ne tana riƙe ɗan ruwan da ke jikin itacen don kada ya bushe farat ɗaya ya tsage, saboda haka kada a kwance sai ta huce, washegari da safe. Amma in adakar tana da madubi a jiki, ko fenti na asali mai zane, ko takarda a liƙe irin tamu, a nemi shawara tukuna, don zafi yana iya ɗaga su.

Wanki kuwa, ban da wanki. Na taɓa ganin inda aka kai adaka bakin famfo aka yi mata wankan garin sabulu da soson ƙarfe. Kwana uku murfin ya lanƙwashe kamar kwale-kwale. Buroshi mai laushi ya isa ya fid da ƙura. Bayansa tsumma mai ɗan laima, wanda aka matse sosai, a goge kaɗan-kaɗan, a fara da wurin da ido ba ya gani. Baƙin nan da ke jikinta ba duka ne datti ba. Hayaƙi ne da gumin hannuwan mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, shi ne kuma yake nuna shekarunta. Da tsohuwar zuma ake magani. In ana son ta ɗan yi sheƙi, kakin zuma ya wadatar: a shafa kaɗan, a bar shi ya sha iska, a murje da busasshen tsumma. Man gyaɗa da man ja ba sa bushewa a jikin itace, sai su yi danƙo su kama ƙura su jawo ƙwari. Banish da fenti kuma ku bar wa sababbin kujeru.

Maganar tsaga tana son natsuwa, don nan ne ko kafintoci suke kuskure. Itace ko ya shekara ɗari bai daina motsi ba. Da damina yana shan laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. Ruwan Minna kuwa ya fi na Kano yawa da daɗewa, saboda haka adakar da aka ƙera a can, ta zo nan, ta fi wahala. Za ka ga tsaga ta buɗe a watan Janairu har ka sa ɗan yatsa, a watan Agusta ta kusa rufewa. In ka cusa mata katako ka matse da hunturu, damina na zuwa itacen zai nemi wurin kumbura ya rasa, sai ya fashe ta wani gefen. Don haka tsagar da ba ta hana adaka aiki, a ƙyale ta. Wadda ta zama dole a cike, a bari sai ƙarshen damina, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, a sa siririn itace irin nata, kada a matse.

In wani allo ya ruɓe, yawanci na gindi ne, a canja shi kaɗai. A nemi tsohon katako irinsa, daga tsohuwar ƙofa ko karyayyen gado. Kada a bar kafinta ya ce ai gara a sake duka. Ni kafinta ne, na san halinmu, sabon aiki ya fi mana sauƙi, ya kuma fi kuɗi. Ka tsaya a kansa. Farin gam na kafinta kaɗan ya isa, ban da gam ɗin nan mai kamawa nan take, don abin da ya kama ba ya warwaruwa sai da ɓarna. Ƙa'idar ita ce, duk abin da za ka yi, ka yi shi yadda na bayanka zai iya warware shi in ya fi ka sani. Sabon allon kuma ka rubuta shekarar da aka sa shi da fensir ta ƙasa, don kada jikanka ya ruɗe.

Ƙarafan jiki, hinji da maƙalin kwaɗo da hannuwa, in sun yi tsatsa a goge su a hankali da ɗan man keken ɗinki. Wanda ya karye a kai wa maƙeri ya gyara ko ya ƙera irinsa. In makulli ya ɓace, don Allah kada a sa guduma. Masu yankan makulli suna nan a kasuwa.

Saura abin da ke ciki. Iyayenmu mata, ku gafarce ni, zan taɓa kafur. Farin kafur ɗin nan na kasuwa yana korar asu, gaskiya ne, amma likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa kayan jarirai da aka adana da shi suna iya jawo wa wasu jariran shawara mai tsanani. In adakar kaka ce za a zuba kayan goyo a ciki, a fid da kafur, a shanya ta a inuwa har warin ya fita. Takardu kuma, wasiƙun ajami, da rasiɗai, da takardar fili, da littattafan da aka rubuta da hannu, kada a liƙe su da salatif, kada a kai a manne su cikin roba da zafi. A warware ninkin a hankali, a sa tsakanin fararen takardu, a ɗauki hotonsu a raba wa dangi. Wanda ya sami littattafan malamai masu yawa, akwai Gidan Arewa a Kaduna, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke can, aikinsu ke nan.

Kada kuma a ɗauka cewa da an rufe akwati an gama tsaro. Ku dubi abin da ya faru a ƙasar Mali. A 2012 da 'yan bindiga suka kama Tambutu, Abdulƙadir Haidara da mutanensa suka zuba littattafan gado na gidajen garin, dubun dubata, cikin akwatunan ƙarfe, suka fitar da su a ɓoye ta mota da ta jirgin ruwa zuwa Bamako. Waɗanda aka bari a cibiyar Ahmad Baba, an ƙone wajen 4,000 a watan Janairun 2013. Akwati ya ceci sauran daga wuta, amma da suka isa Bamako sai ga wani abokin gaba, wato laima, don littattafan sun saba da busasshiyar iskar hamada. Sai da aka nemo na'urorin tsotse danshi. A 2025 ne aka fara mai da su gida. To mu ma kayan da suka taso daga busasshiyar ƙasa muka kawo wa daminar Minna. Saboda haka a ɗora adaka a kan bulo ko benci, a ja ta daga jikin bango kamar tafin hannu, a riƙa buɗe ta tana shan iska, musamman a watan Agusta da Satumba. Waɗanda gidajensu ke kusa da magudanar ruwa, ku kai ta ɗakin da ya fi tudu, takardun kuma ku sa su sama. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 150, da asuba ta zo, ba wanda ya sami damar ɗaukar komi. Allah Ya ji ƙansu, Ya kiyaye mu.

Akwai magana ɗaya da ba ta kafinta ba ce, amma in na bar ta ban yi adalci ba. Adakar mamaci dukiyar gado ce. Ba ta zama ta babban ɗa don shi ne babba, ba ta zama ta wanda ya biya kuɗin gyara don ya biya. Na san gida a garin nan inda wa da ƙanwa suka shekara ba sa gaisawa a kan akwatin da ba zai yi kuɗin buhun masara ba. Ga malamai nan zaune, su za su yi bayani, amma abin da muka yi a gidanmu shi ne, aka yi mata kuɗi, aka sa ta cikin rabon mutum ɗaya da yardar sauran, aka rubuta, kowa ya sa hannu, da sharaɗin duk ɗan gidan da ke son ganin takardun ba za a hana shi ba. Ta faɗo a rabon ƙanwata, kuma gara da aka yi haka, ta fi ni riƙon amana, ga shi kuwa an ga irin aikina.

Murfin da na fere yana nan yadda na bar shi, da banish ɗinsa ya dushe. Wani ɗana ya ce a samo mai rubutu ya sake ƙona sunayen a kai. Na ce a'a, wannan zai zama rubutunmu ne muna jingina wa kaka. Abin da muka yi, mun rubuta a takarda abin da gwaggo ta tuna, da abin da ya faru da murfin, da sunan wanda ya yi ɓarnar, muka ajiye a ciki. Wurin suna na uku mun bar shi fili, ko Allah Zai sa wani daga dangin da ke can ƙauye ya zo da shi.

Duk wanda ke da irin wannan adaka a gida, kada ya wahalar da kansa ya ɗauko ta a Keke Napep, jijjiga ma ɓarna ce. Ya ba sakatare sunansa, ni zan zo har gida in duba, ranar Asabar bayan la'asar, ba na karɓar komi. Sai dai a tabbata tsohuwar gidan tana nan ran da zan zo.